Sarjan da tsawar damina

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san farin cikin da ke shiga gari ranar da hadari ya taso daga gabas bayan dogon rani. Mata su kwashe shanya, yara su fita tsakar gida suna ihu, magidanta su duba irin da sunka ajiye cikin rumbu. Amma a wani ƙauye da ke tsakanin Maradi da Tasawa an yi wani tsoho wanda wagga rana ta zame ma ranar wahala. Da walƙiya ta haska tsawa ta faɗi, sai shi yar da abin da ke hannunshi shi kwanta rub da ciki, ko cikin gona ne ko bakin masallaci. In ruwan dare anka yi, matarshi ba ta barci, don ta san za ta iske shi maƙure bayan randa, jikinshi na ɓari, shina kiran sunayen mutanen da ba wanda ya san su cikin garin.

Sunanshi na yanka ya ɓace tun da daɗewa, kowa Sarjan shike ce mishi. Yara sun gano lagonshi. Su ɓuya bayan darni su buga gwangwani, in ya zabura su sheƙe da dariya. Manya su kore su, amma su ma in sun koma gefe sai su ce Annasara sun juya mishi kai. Yau Sarjan ba shi duniya, yaran nan kuwa sun zama magidanta. Da yawa cikinsu sai yanzu sunka gane abin da suke ma dariya.

Yadda anka ɗauke shi

Sarjan bai nemi aikin soja ba. Tun shekara ta 1919 Faransa ta kafa doka cikin ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma: kowace shekara a tara samari, likita shi duba su, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa ma shi yi shekara 3 cikin kaki. Kumandan ke faɗin adadin da shike so, sarki da masu gari su kawo mutane. Ɗan mai hali yakan samu hanyar zillewa. Ɗan talaka da maraya su ne ke shiga layi. Haka anka ɗauki Sarjan jim kaɗan bayan ƙarewar yaƙin duniya na biyu, shina saurayi ko aure bai yi ba.

Rundunar da ya shiga tsohuwa ce. Gwamna Faidherbe ya kafa ta a Senegal cikin 1857, shi ya sa ake ce musu tirayar na Senegal, ko da kuwa cikinsu akwai Bambara, da Mosi, da Zabarmawa, da Hausawa, da sauran ƙabilu. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an kwashi baƙaƙen fata wajen 200,000, kuma wajen 30,000 ba su dawo ba. Ke nan hanyar da Sarjan ya bi, kakanni sun riga sun bi ta.

Ranar tafiya ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani yaro na ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, ɗan auta ga uwarshi, wanda ƙuri'a ta faɗa ma shi ma. Tsohuwar ta biyo su har bakin kamyo. Ta ɗaura ma ɗanta laya a damtse, ta kama hannun Sarjan ta ce:

"Ɗana, kai ne babba. Ga ƙanenka nan, amana na ba ka."

Ya ce: "Na karɓa, Inna."

Wagga magana ita ce ya ɗauka bisa kai har ƙarshen ranshi.

Indoshin

Daga bariki anka kai su Paraku cikin mota, daga nan jirgin ƙasa zuwa Kotonu, sannan jirgin ruwa zuwa Marsey. Sun zauna sansanin Ferjus da ke kudancin Faransa, inda ake tara sojojin Afirka. Daga baya anka sa su jirgi ya bi ta mashigin Suwez, sunka yi kusan wata guda bisa teku kafin su sauka Saigon. Yaƙin Indoshin ya faro cikin 1946, kuma sojojin Afirka baƙar fata wajen 60,000 sunka ratsa shi kafin shi ƙare.

Mutumin da ya tashi cikin rairayi da gonar hatsi, sai ga shi cikin fadamar shinkafa, ruwa har gwiwa, matsattsaku na shan jininshi, ruwan sama ba shi ɗaukewa. Abokin gaba kuwa ba a ganinshi. Manomin da ya gaishe ka da rana, shi ne mai yiwuwa zai binne nakiya bisa hanya da dare. Saboda haka kowace safiya sai an fitar da sojoji su buɗe hanya, suna tafiya sannu sannu suna duba ƙasa kafin motoci su wuce. Wanda ke gaba shi ne ranshi ke hannun Allah, don haka ake yin abin bi da bi.

Wata safiya layin Sarjan ne. Ya kwana da masassara, ƙafafunshi ba su ɗaukarshi. Yaron nan ya ce mishi: "Yaya, koma baya, yau ni za ni wuce gaba, gobe ka rama mini." Ba su yi tafiyar kirki ba ƙasa ta tashi. Da hayaƙi ya washe, abin da Sarjan ya iya ganewa shi ne damtse da laya. Ya kwance ta, ta ƙone gefe guda, ya sa aljihu.

Ranar 7 ga watan Mayu 1954 sansanin Diyan Biyan Fu ya faɗi hannun mayaƙan Biyatnam, Faransa ta fita daga ƙasar. Sarjan ya samu hutu ya zo gida. Kumandan ya riga ya aiko da labarin rasuwa tuntuni, amma uwa ba ta ƙoshi da takarda. Tsohuwar ta tako da ƙafa har gidansu, ta zauna bakin zaure ta ce shi faɗa mata yadda ɗanta ya cika. Sarjan ya dubi ƙasa ya ce masassara ce, a asibiti ya rasu, an yi mishi wanka da salla. Ta yi hamdala, ta sa mishi albarka, ta koma. Layar tana cikin aljihunshi, ya kasa fiddo ta, don ƙunar da ke jikinta za ta ƙaryata shi.

Hutu bai ƙare ba ya koma bariki ya sake sa hannu. Mutane sunka ce kuɗin Annasara sun yi mishi daɗi. Gaskiyar magana, zaman garin ne ya gagare shi.

Aljeriya da dawowa gida

Yaƙin Aljeriya ya tashi ranar 1 ga Nuwamba 1954, can anka tura shi. Ba shi kaɗai ba ne ɗan Nijar da ya bi wagga hanya: marigayi Janar Seyni Kunce, wanda ya shugabanci ƙasa daga 1974 zuwa 1987, shi ma ya yi Indoshin da Aljeriya cikin sojan Faransa. A Aljeriya Sarjan ya samu galan ɗin da ya ba shi suna, kuma a can ya ga abin da ya fi nakiya ci mishi rai. Ana sa su kewaye ƙauye da asuba, su fasa ƙofofi, su zubar da hatsin mutane suna neman bindigogi. Waɗanda ake fiddowa daga ɗaka masu salla ne irinshi. Wani dattijo ya taɓa dubanshi ya yi kalmar shahada, ya tambaye shi da hannu ko shi ma Musulmi ne. Sarjan ya kau da kai.

Bayan shekara 15 anka sallame shi. Ya iske ƙasa ta samu mulkin kai tun ranar 3 ga Agusta 1960. Ya sauka da akwatin ƙarfe, da keke, da rediyo, da lambobin yabo, da Faransancin bariki. Gari ya fito tarbarshi, makaɗa sunka yi ta wasa shi. Ya shiga sahun waɗanda ake kira ansiyan kwambatan, masu zama kusa da mai gari in baƙo ya zo daga birni. Iyaye sunka yi ta yi mishi tayin ɗiyansu mata.

Matar farko ba ta yi shekara ba. Wani dare ta taɓa shi cikin barci don shi gyara kwanciya, ya shaƙe ta har sai da maƙwabta sunka ɓalle ƙofa. Da ya farka ya ga abin da ya yi, ya zauna shina kuka kamar yaro. Iyayenta sunka zo sunka ɗauke ta, ba wanda ya ga laifinsu. Daga nan ya faɗa shan giya, ya yi shekaru in kuɗi sun shigo sai sun ƙare a kasuwa. Abu kaɗan ke tunzura shi. Ba shi zama sai bayanshi na jingine da bango, idonshi bisa ƙofa. Ranar layya ba shi iya yanka ragonshi da kanshi, sai shi ba liman wuƙa shi fita bayan gari har a gama fiɗa.

Dangi ba su zauna ba. Malamai sun yi rubutu ya sha. Masu bori sunka ce Babule ne, iskokin nan masu kama da soja, anka yi wasa anka yanka abin yanka. Wani lokaci a samu sauƙi wata biyu ko ukku, da damina ta kama abin shi dawo.

Matarshi ta biyu ita ce ta zauna da shi fiye da shekara 40. Ba ta yi lakkwal ba, ba ta san sunan ciwon ba, amma ta koyi zama da shi. Ba ta tashinshi da hannu, sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta kira: "Maigida, gari ya waye, nan gida kake." In ta ga hadari, ta aika yaro shi kira shi daga gona tun kafin tsawa ta fara, ta kunna fitila, ta dama hura, ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin awaki da na maƙwabta har ruwa shi ɗauke. Da sannu ya bar giya, ya kama salla da noma. Ita kaɗai ya faɗa ma zancen layar, shi ma sai bayan tsohuwar nan ta rasu.

Abin da likitoci sunka gano

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai shi gudu. Ciwon Sarjan ke nan. Mutumin da ya daɗe cikin haɗari, jikinshi yakan koyi zabura kafin tunani, don da haka shike tsira. Ga wasu, bayan haɗari ya wuce jiki ba shi saki. Ƙara kaɗan, ko warin hayaƙi, ko ganin jini, sai su mayar da mutum wurin da abin ya faru kamar yanzu shike faruwa. Alamomin sanannu ne: mugun mafarki, rashin barci, saurin fushi, gudun mutane, da ganin laifin kai don wani ya mutu shi ya rayu. Da yawa sukan nemi mafaka wajen giya ko ƙwaya, abin kuwa ƙaruwa shike yi.

Tun yaƙin 1914 likitocin Turai sunka ga sojoji masu rawar jiki da bebancewa ba tare da rauni ba, amma an daɗe ana ce musu matsorata. Sai cikin 1980, bayan sojojin Amurka sun dawo daga Biyatnam, likitocin ƙwaƙwalwa na can sunka sa ciwon cikin littafinsu da sunanshi, wato damuwar da ke biyo bayan tashin hankali. Faransa kuwa sai cikin Janairu 1992 ta fitar da doka mai ɗaukar wanga ciwo raunin yaƙi kamar sauran raunuka. Lokacin Sarjan ya yi shekara 30 shina fama da shi. Ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne. Rauni ne wanda ido ba shi gani, kuma ana samun sauƙinshi in an samu mai saurare da kulawar likita.

Ranar fansho

Duk wata ukku Sarjan yakan wanke tsohon kakinshi, shi liƙa lambobinshi, shi hau keke zuwa birni amsar fansho. A nan shike gamuwa da ƴan uwanshi tsoffin sojoji, su zauna ƙarƙashin bedi suna jiran a kira lamba. Ranar ce kaɗai ake jin dariyarshi daga nesa. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, amma a gaban wanda ya ga abin da ka gani, ba ka bukatar ɓoyo.

Cikinsu akwai wani kabaran da ya girme su duka, wanda ya yi yaƙin 1940. Daga bakinshi sunka ji yadda Jamusawa sunka ware baƙaƙen sojoji daga farare sunka harbe su a garin Shasale kusa da Liyon, cikin watan Yuni na shekarar. Shi kanshi an kama shi, ya yi shekara 4 a sansanin fursunoni cikin Faransa, don Jamusawa ba su so a kai baƙar fata ƙasarsu. Ya ba su labarin ƴan Afirka da sunka sauka gaɓar Purobans ranar 15 ga Agusta 1944, sunka ƙwato Tulon da Marsey, amma da sanyi ya gabato anka karɓe kayansu anka ba Turawa, anka janye su daga fagen daga kafin ranar nasara.

Labarin da ke sa wurin shi yi tsit shi ne na Caroy, sansanin da ke kusa da Dakar. Tsoffin fursunoni fiye da 1,000 sunka sauka can cikin Nuwamba 1944, sunka ce ba su tafiya gida sai an biya su albashin shekarun da sunka yi a tsare. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa sunka buɗe musu wuta. Takardun hukuma na lokacin sun ce mutum 35, wata takardar ta ce 70, masana tarihi da dama kuwa sun ce ɗaruruwa ne. An kuma ɗaure mutum 34 cikin waɗanda sunka tsira. Sai cikin Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne anka yi. Kabaran ya biyo ta Dakar bayan abin ya faru, ya ce tun ranar bai ƙara tambayar Annasara haƙƙinshi da babbar murya ba.

Fanshon ma da suke jira akwai magana cikinshi. Ranar 26 ga Disamba 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun mulkin kai. Na Bafaranshe shina ƙaruwa kowace shekara, na ɗan Afirka ya tsaya inda shike, alhali tiyar hatsi ba ta tsaya ba. Harsashi bai tambayi launin fata ba, amma biro ya tambaya. Duk da haka, da waɗanga ƴan kuɗi Sarjan ya riƙe gidaje da dama cikin yunwar 1973 da ta 1984, har da gidan tsohuwar da ta ba shi amana. Kowace kaka yakan aika mata da damen hatsi, bai taɓa faɗin dalili ba.

Wani tsohon sarjan na Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shekara 5 bayan rasuwarshi. Cikin 2007 anka daidaita wani sashe na kuɗin, sauran kuwa sai daga 1 ga Janairu 2011. Kabaran ya daɗe da rasuwa. Sarjan ya ga ƙarin farko, bai ga na biyu ba.

Akwatin ƙarfe

Ya rasu cikin rani, da dare, ba tsawa ba hadari. Bayan sadakar bakwai anka buɗe akwatinshi gaban dangi. An iske karnen soja da ya tsufa, da lambobi 4, da hoton wasu samari cikin kaki da jar hula, da wani ƙullin tsumma. Matarshi ta ce a ba ta ƙullin. Ta kwance, ga laya mai ƙuna gefe guda. A nan ta faɗa ma jama'a labarin da ta riƙe shekara da shekaru. Cikin masu saurare akwai waɗanda sunka buga mishi gwangwani suna yara. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Washegari jikanshi ya ɗauki layar ya kai ƙauyen maƙwabta. Uwar yaron ta daɗe a ƙasa, amma akwai ɗiyan ƴan uwanshi. Sunka karɓa, liman ya yi addu'a ga mamatan biyu, anka binne ta kusa da kabarin tsohuwar. Amanar ta koma gida bayan fiye da shekara 50.

Na yau

Tsoffin sojojin Faransa sun kusa ƙarewa cikin ƙauyukanmu, amma ciwon Sarjan bai bi su kabari ba. Tun watan Fabrairu 2015, da ƴan Boko Haram sunka kai hari Bosso da Diffa, ɗiyan ƙasar nan ke fagen daga. A Inates soja 71 sunka kwanta dama ranar 10 ga Disamba 2019, a Shinagodar kuma 89 ranar 9 ga Janairu 2020. Kowane ɗaya cikinsu shina da abokin da ya tsira ya ga abin da ya faru. Akwai kuma mata da yara da sunka gudo daga garuruwan da anka ƙone. Waɗanga mutane suna dawowa cikinmu, wasu da rauni a jiki, wasu ba ko ƙwarzane amma ba su barci.

Jama'a, in irin wanga mutum na gidanku ko unguwarku, kada ku ce mishi mahaukaci, kada ku bar yara su mai da shi abin wasa. Kada ku matsa mishi da tambayar mutum nawa ya kashe. In ya so magana ku saurara, in ya yi shiru ku zauna da shi. Kada a tashe shi daga barci da hannu. In kun ga ya kama giya ko tramol, ko shina zancen ya gaji da duniya, ku raka shi asibiti tun da wuri, addu'a da magani ba su hana juna. Ku kuma duba matarshi, don ita ke ɗauke da rabin kayan. Masu tsoho ko tsohuwa da sunka san zamanin tirayar, ku zauna ku ji labarinsu tun suna da rai, ku adana karne da hotuna, kada gara ta cinye su.

Allah shi jiƙan Sarjan da abokinshi, da duk waɗanda sunka tafi ba su dawo ba. Allah shi ba waɗanda sunka dawo kwanciyar rai, shi ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Amin.